Indararon Dutse Mai Wage Baki

Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san indararo, ya kuma san abin da damina ke yi wa katangar da ba ta da shi. Maginan Faransa na ƙarni na 13 sun yi fama da wannan matsala a kan majami'u masu tsayin gaske. Ruwan rufi in ya bi jikin bango sai ya riƙa cinye kwaɓin da ke riƙe da duwatsu, ya jiƙa harsashin gini. Sai suka miƙo indararon dutse can waje, suka sassaƙa shi da siffar dodo, ko zaki, ko kare, ko mutum ya wage baki. Shi ake kira gargoyil.

Gwanintar tana farawa ne tun daga zaɓen dutse. Curi ɗaya ake so, dogo, marar tsagu. Abin da mai kallo ke hangowa daga ƙasa wani sashe ne kawai. Sauran yana binne cikin bango, nauyin ginin da ke kansa ya danne shi, shi ya sa dodon ke iya leƙowa sama da mita guda bai karye ba. Daga nan mai sassaƙa ya ɗauki guduma da kurfi ya fafe kwari a gadon bayansa, daga gindi har maƙogwaro, ya karkata shi daidai yadda ruwa zai gudu. In ya bar ɗan lotsi, ruwa ya kwanta, sanyin hunturu ya mai da shi ƙanƙara, ƙanƙarar ta kumbura ta tsaga dutsen. In kuma ya fafe da yawa, wuyan ya yi rauni.

Sai fuska, kuma nan ne hannun gwani yake fi burge ni. Mutumin yana aiki da dutsen a gabansa, amma wanda zai kalla yana can ƙasa, ya ɗaga kai. Don haka yake zurfafa kwarmin ido, ya fito da haƙora zaƙo-zaƙo, ya kumbura gira, saboda daga nesa inuwa ce ke zana kamannin. Ƙananan zane ba sa isa ga ido. Ga shi kuma dole bakin ya buɗe yadda ganye da tarkace ba za su toshe shi ba. Kurfi ba ya gyara kuskure: abin da ya fita daga dutse ya fita ke nan.

A majami'ar Notre-Dame ta Paris, wadda aka fara ginawa a 1163, ruwa yana gangarowa ta kwarin da aka bi da shi a kan tokaren bango, ya faɗo ta waɗannan bakuna. Amma dodannin da suka fi shahara, har da wanda ya yi tagumi yana kallon gari, ba ruwa suke zubarwa ba, ba kuma na da can ba ne. Mai zanen gini Eugène Viollet-le-Duc ne ya sa aka ƙara su a gyaran da aka fara a 1844, don ado kawai.

Irinsu ake kwaikwaya yanzu da siminti ko roba a rataya a bangon falo ko na lambu. Wasu suna da kyau, ba musu. Sai dai abin da aka zuba a mazubi ɗaya ana fitar da ɗaruruwa, ba nauyin da yake riƙewa, ba ruwan da yake bi ta cikinsa, shi ya sa a wurina bai kama ƙafar na asali ba.

Bayan gobarar da ta kama Notre-Dame ranar 15 ga Afrilun 2019, an sake neman masu wannan sana'a. Suka kafa rumfar aiki a gindin majami'ar, suka auna dodannin da wuta da faɗuwar rufi suka lalata, suka sassaƙa sababbi da hannu. An sake buɗe Notre-Dame a Disambar 2024.