BABI NA HUƊU: GADON FARFESA ABDULLAHI SMITH A MA'AUNIN TARIHIN KUDANCIN KANO

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin yin sharhi a kan gudummawar da marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya bayar wajen nazarin tarihin daulolin ƙasar Hausa, musamman daga ƙarni na 15 zuwa na 18, wato zamanin da Kano da Katsina da Zazzau suka bunƙasa, suka kuma ƙulla hulɗa da wasu sassan duniya. Masana da dama sun riga sun yaba wa wannan bawan Allah, kuma yabon gwani ya zama dole. To amma wannan nazari yana ganin cewa babbar karramawar da za a yi wa masanin tarihi ita ce a ɗauki ra'insa a gwada shi a wurin da shi kansa bai zurfafa bincike ba. Saboda haka aka zaɓi yankin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, a kudancin Jihar Kano, domin a ga inda ra'in ya zauna daram da kuma inda yake buƙatar ciko.

4.1 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Smith a Ingila a shekarar 1920. Ya fara koyar da tarihi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1955, sannan ya dawo Zariya a 1962, inda ya shugabanci Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello tun kafuwarsa. A can ne ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi. Ya jagoranci aikin tattara rubuce-rubucen Larabci na malaman Arewa, kuma shi ne shugaban farko na Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970. Ya rasu a 1984. Bayan rasuwarsa, almajiransa sun tattara wasu daga cikin maƙalunsa suka buga a 1987 a littafin da ake kira A Little New Light. Cikin waɗanda suka tashi a makarantarsa akwai Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa a kan Katsina ya fito a 1981, da Abdullahi Mahadi, wanda ya kammala kundinsa a kan sarauta da tattalin arzikin Kano a 1982.

4.2 Ra'insa a kan Kafuwar Dauloli

Kafin Smith, akasarin marubuta na zamanin mulkin mallaka sun ɗauka cewa wasu baƙi ne daga gabas ko arewa suka zo suka kafa wa Hausawa mulki, suna kafa hujja da labarin Bayajidda. A maƙalarsa ta 1970 a mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya, da kuma babin da ya rubuta a littafin tarihin Afirka ta Yamma na Ajayi da Crowder a 1971, Smith ya ƙi yarda da wannan. A ganinsa, daula ta tsiro ne daga cikin al'umma sannu a hankali. Da farko akwai ƙauye na dangi ɗaya. Idan wuri ya yi albarka, baƙi su taru, ƙauye ya zama gari, shugabanci ya tashi daga na jini ya koma na ƙasa. Daga nan wani gari ya fi sauran, ya yi ganuwa da kasuwa ya zama birni, sarkinsa da masu sarauta su mallaki ƙasar da ke kewaye. Abubuwan da ke jawo mutane kuwa sun haɗa da ƙasar noma, da tama, da hanyar fatauci, da duwatsun da aka yi imani iskoki na zaune a cikinsu, irin su Dala a Kano da Kufena a Zazzau.

Amfanin wannan ra'i a fili yake, domin ya mayar wa manomi da maƙeri da falke matsayinsu a tarihi. Duk da cewa Sutton (1979) ya kawo wata fahimta ta daban game da yaɗuwar Hausawa, har yanzu a kan tubalin Smith ake ɗora yawancin muhawara.

4.3 Auna Ra'in a Kudancin Kano

Idan aka dubi Bebeji, za a ga kusan duk sharuɗɗan da Smith ya zayyana sun cika. Gari ne mai ganuwa a kan hanyar Zariya zuwa Kano. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya ratsa ta cikinsa a watan Yuli na 1826, ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 da 25,000, ya kuma lura cewa da yawansu baƙi ne masu sana'ar fatauci. Gaskiya ne wannan shaida ta zo ne bayan jihadin 1804, don haka ba za a ɗora ta kai tsaye a kan ƙarni na 18 ba. Amma gari mai wannan girma ba dare ɗaya yake tasowa ba. Abin lura shi ne, duk da ganuwa da kasuwa da yawan jama'a, Bebeji ta ci gaba da zama a ƙarƙashin Kano.

Haka abin yake a Riruwai, hedikwatar Doguwa. Wuri ne mai duwatsu da ma'adinai. Tun kafin Turawa su buɗe ramukan kuza a ƙasar Jos a farkon ƙarni na 20, mutanen Riruwai suna haƙo kuza su narkar da ita, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Ga dutse ga ma'adini, amma birni mai mulkin ƙasa bai tashi a nan ba.

Waɗannan misalai biyu suna nuna cewa ra'in Smith ya fi ƙarfi wajen bayyana yadda gari ke tasowa, amma bai yi cikakken bayanin abin da ke hana wani gari kaiwa matsayin birni ba. Amsar tana cikin yaƙi da kusanci da babban birni. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa tun zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Kano ta fara danna ikonta kudu ta fuskar Rano. Da Kano ta riga ta kafu, sai garuruwan kudu suka zama garkuwarta da rumbunta. Wannan yanki ne ke tsakanin birni da mayaƙan Kwararrafa, waɗanda suka afka wa Kano a zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618) da na Dadi (1670–1703). Bayan jihadi ma, hare-haren Ningawa sun addabi ƙasashen Rano da Tudun Wada, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gado a 1855. Ƙiru kuwa tana bakin iyakar Kano da Zazzau. Har a 1903, da rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, a Bebeji ta fara cin karo da turjiya kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Ashe ke nan tarihin wannan yanki tarihin bakin iyaka ne, wanda ke buƙatar nasa ma'auni.

4.4 Ƙofar Kudu da Hulɗa da Duniya

Giɓi na biyu ya shafi alƙiblar nazari. Smith ya fi mayar da hankali ga Borno da Sahara, kuma da yake yana yaƙi ne da masu cewa kome daga waje ya zo, sai ya fi jaddada dalilan cikin gida. Wannan ya sa hulɗar Kano da kudu, wadda ta kai har bakin teku, ba ta sami kason da ya dace da ita a rubutunsa ba.

Tarihin Kano da kansa ya ba da shaida. Ya ce a zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja. Ya kuma ce a zamanin Muhammadu Sharefa (1703–1731) wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa, sannan Babba Zaki (1768–1776) ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Wurin nan da aka yi ta ciniki da shi a Kasuwar Kurmi, asalinsa daga tsibiran Maldib ne da ke Tekun Indiya. Binciken Hogendorn da Johnson (1986) ya nuna yadda jiragen ruwan Turawan Holan da Ingila suka riƙa kwaso shi zuwa Turai, su sake lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma domin sayen bayi. Daga gaɓar ne wani kaso nasa ya hauro ta ƙasashen Yarabawa da Nupe. Kayan da ya taso daga Nupe ya biyo ta Zazzau kuwa, ta kudancin Kano yake ratsawa kafin ya ga ƙofar birni. Ta haka ne kuɗin da talakan Bebeji ke biyan haraji da shi yake ɗaure da cinikin bayi na Tekun Atalantika.

Bugu da ƙari, Lovejoy (1980) a littafinsa Caravans of Kola ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da daular Asante daga ƙarni na 18 zuwa na 19, inda Salaga ta zama babbar matattara. Da yawan waɗannan fatake ba a cikin birni suka zauna ba, a garuruwan karkara suke. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya rasu a 1955, ya gaji wannan hanya ce kafin ya shiga cinikin gyaɗa bayan zuwan jirgin ƙasa Kano. Saboda haka dukiyar da ta shahara a birni, wani sashe na saiwarta a kudu yake.

Ya kamata a yi wa Smith adalci a nan. Madogararsa mafi girma ita ce rubutun malamai da na fada, kuma irin wannan rubutu ya fi kula da sarki da birni. Last (1980) ya riga ya ja hankali cewa Tarihin Kano yana buƙatar a karanta shi da lura, ba a ɗauki kowane zance a kan fuskarsa ba. Maƙerin Riruwai da madugun Bebeji ba su da marubucin fada. Har ila yau, kowane mai bincike yana amsa tambayar zamaninsa ne, kuma tambayar zamanin Smith ita ce ko Bahaushe ya iya kafa mulki da kansa. Ya amsa ta, kuma amsar ta tsaya.

4.5 Muhimmancin Batun a Yau

Wannan batu bai tsaya a ɗakin karatu ba. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ƙirƙiri sababbin masarautu, galibin garuruwan wannan yanki suka koma ƙarƙashin Rano, sannan a 2024 aka soke dokar. A muhawarar da ta biyo baya, kowane ɓangare ya jingina da tarihi: wasu na tunatar da cewa Rano na cikin Hausa Bakwai, wasu na kafa hujja da daɗewar ikon Kano a kan yankin. Wannan nazari ba shi da hurumin yanke hukunci a kan siyasa. Abin da yake nunawa shi ne, labarin asali da Smith ya yi gargaɗin kada a mayar da shi hujjar tarihi ba tare da tacewa ba, shi ne aka sake ɗaukowa, alhali tarihin garuruwan kansu bai sami cikakken rubutu ba.

Don haka ake ba da shawarar cewa ɗaliban tarihi da na Hausa su bi sawun Smith da ƙafa, ba da baki kawai ba. A tattara jerin sunayen dagatai da hakimai, da kirarin garuruwa, da waƙoƙin fatake da na maƙera, da takardun Ajami da ke hannun gidajen malamai da na attajirai. A kuma auna kufai da ragowar ganuwa da tsofaffin ramukan kuza, tun dattawan da suka san su suna raye.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ra'in Abdullahi Smith ya 'yantar da tarihin Hausawa daga jingina shi ga baƙi, kuma ya bayyana tasowar garuruwa irin su Bebeji. An kuma ga cewa yana buƙatar ciko ta fuska biyu: matsayin garuruwan bakin iyaka, da hulɗar da ta biyo ta kudu ta haɗa Kano da Asante da bakin teku. Gano waɗannan giɓi bai rage masa daraja ba, domin da ma'aunin da ya bari aka gano su. A babi na gaba za a duba abin da adabin baka na wannan yanki ya adana game da fatauci da yaƙe-yaƙen bakin iyaka.