Tsohon Ɗan Aji Ɗaya: Abin da Fim Ɗin Ya Bari a Baya

Na kalli fim ɗin The First Grader, wanda Justin Chadwick ya shirya a 2010, kan Kimani Maruge, tsohon mayaƙin Mau Mau da ya shiga aji ɗaya a 2004 yana da shekara 84, bayan Kenya ta mayar da firamare kyauta. Labarin akwai taɓa zuciya, kuma Oliver Litondo ya fito a dattijon kamar don shi aka yi rawar.

Fim ɗin ya dace da ya ba Maruge dalili: wasiƙa ce daga gwamnati yake son karantawa da idonsa. Haka babba yake. Yaro yana zuwa lakwal don an tura shi, babba kuwa buƙata ke kai shi. A wajen aikina na rediyo, dattawan da ke kira kan yaƙi da jahilci ba takardar shaida suke nema ba. Wata so take ta karanta saƙon ɗanta a salula ba tare da maƙwabta sun ji sirrinta ba.

Inda na ga kasawa shi ne yadda aka nuna ajin manya a matsayin wurin hayaniya, har Maruge ya gudo ya koma cikin yara. An kuma cika fim da azabar zamanin Turawa, aka taƙaita wahalar riƙe alƙalami da hannun da ya saba da fartanya. Ko kusa ba kowane dattijo ne zai iya zama kan benci da jikokinsa ba. Idan an raina ajin manya, ina sauran za su?