Masu Bin Sawun Zafi a Cikin Kwamfuta

Duk wutar lantarkin da firosesa ta sha, zafi take komawa. Firosesar kwamfutar ofis irin Core i5-6500 an ƙayyade mata wat 65, amma Core i9-13900K da kamfanin Intel ya fitar a 2022 takan kai wat 253 idan aka sakar mata mara. Wannan zafi kuwa daga ɗan yankin silikon yake fitowa wanda faɗinsa bai fi farcen babban yatsa da yawa ba. Idan aka bar shi a nan, cikin 'yan daƙiƙoƙi zai kai inda firosesar ba za ta iya jurewa ba. Shi ya sa masu ƙera ta suka sa mata iyaka: yawancin na Intel digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, yawancin Ryzen 7000 na kamfanin AMD kuma digiri 95. Da zarar ta taɓa iyakar sai ta rage gudu da kanta, dabarar da Intel ya sa a Pentium 4 tun shekarar 2000. In ragewar ba ta wadatar ba, sai kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya.

Mai kwamfuta ba ya ganin wannan duka. Abin da yake gani shi ne na'urar da ke aiki lafiya da safe, da azahar kuma ta kama jan ƙafa, fanka na ruri. Sai ya ce bairos ne, a yi mata fomatin. Wani ya ce ai ta tsufa, a sayi sabuwa. A nan ake gane mai gyaran da ya san hannunsa, irin waɗanda ake samu a shagunan titin Beirut a Kano da sauran kasuwannin kwamfuta na Arewa. Ina girmama irin waɗannan mutane ƙwarai, domin aikinsu na lura ne da haƙuri, kuma sau da yawa kuɗin da suke ceto wa mutum ya ninka ladan da ake ba su sau goma.

Abin da gwani ya riƙe a ransa shi ne, zafi hanya yake bi. Daga silikon ya shiga murfin ƙarfen da ke kan firosesa, daga murfin ya ratsa man da aka shafa, ya shiga ƙarfen sanyaya mai fikafikai, fanka ta kore shi cikin iskar akwati, wasu fankokin su fitar da shi cikin ɗaki. Ya yi kama da layin lebura ranar zuba dakin, ana miƙa kwanon kankare hannu zuwa hannu: mutum ɗaya ya yi sanyin jiki, duk layin ya tsaya, kuma ƙara ƙarti goma a wani wurin ba zai gyara komai ba. Aikin mai gyara shi ne ya gano hannun da ya tsaya.

Saboda haka ba ya fara ɗaukar sukundireba. Yakan buɗe manhajar auna zafi, irin HWiNFO ko Core Temp, ya duba lambar lokacin da kwamfutar ke zaune ba aiki. Sannan ya ɗora mata aiki mai nauyi da Cinebench ko Prime95, ya zuba wa lambar ido. Yadda take hawa ya fi inda ta tsaya ba shi labari. Idan ta yi tsalle daga 45 zuwa 100 kafin ya ƙifta ido, ya kai bayan yatsa jikin ƙarfen sanyaya ya ji shi sanyi ƙalau, to zafin bai ma iso ƙarfen ba: ko man ya bushe, ko ƙarfen bai zauna daidai ba. Idan kuwa lambar tana hawa a hankali cikin minti goma ko sha biyar, ƙarfen kuma ya yi zafin da yatsa ba zai daɗe a kai ba, to ƙarfen ya karɓi zafin, iska ce ta kasa ɗauke masa. Daga nan sai ya bar gefen akwatin a buɗe. In lambar ta sauko sosai, akwatin ne ke shaƙe iskar. In ba ta motsa ba, laifin yana jikin ƙarfen da fankarsa. Cikin rubu'in awa, bai kwance noti ko ɗaya a kan firosesa ba, ya riga ya san inda zai sa hannu. Wannan binciken shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne abin da ɗan koyo mai gaggawa ke tsallakewa.

Yana kuma lissafa zafin ɗakin. Fanka ba ta iya sauko da ƙarfe ƙasa da zafin iskar da take busa masa, kuma kowane digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, kusan ɗaya ne firosesa za ta ƙara. Masu gwajin kayan kwamfuta a Turai da Amurka a ɗakuna masu digiri 21 ko 22 suke auna nasu. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, watan Afrilu na kai digiri 40 har ya wuce. Kwamfuta ɗaya, aiki ɗaya, amma tazarar kusan digiri ashirin tun kafin a taɓa komai. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta wahalar neman lambar da ba za ta samu a shagonsa ba sai da na'urar sanyaya ɗaki.

Sai ƙura. Iskar hunturu tana ɗauko ta tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta bi ta kowace kafa, kuma kwamfuta yini take tana zuƙar iska. Wurin da ta fi taruwa ba a ganinsa daga waje: tsakanin fanka da fikafikan ƙarfe, inda take haɗuwa da zare da gashi ta yi kauri har a iya ɓamɓaro ta a dunƙule. Mai gyara yakan zare wayar wuta, ya taɓa ƙarfen akwatin don ya sauke lantarkin da busasshiyar iska ke tara wa jikin mutum, ya fitar da ita waje. Kafin ya kunna bulowa sai ya dafe fankar da yatsa, don kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalata mata gindi. Ba ya kai ta wurin mai faci, domin iskar kwamfuresa takan zo da ruwa da ɗigon mai. Abin da bulowa ta bari, ƙaramin burushi mai laushi ya ƙarasa.

Wurin man firosesa ne hannun gwani ya fi nuna kansa. Murfin firosesa da gindin ƙarfen sanyaya suna da santsi a ido, amma cike suke da ƙananan ramuka, kuma abin da ke cikin ramukan iska ce. A ma'aunin da ake gwada yadda abu ke wuce da zafi, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyam 230 da 'yan kai, iska kuwa 0.026 kacal. Man da ake shafawa bai fi 5 zuwa 10 ba. Wato ya fi iska sau ɗaruruwa, amma bai kama ƙafar ƙarfe ba. Wanda ya fahimci waɗannan lambobi ba zai lafta shi da yawa ba, domin aikinsa cike ramuka ne kawai. Ƙarfe da ƙarfe ake so su matsu iya matsuwa.

Na tsaya kan wani mai gyara yana wannan aiki a kan wata tsohuwar kwamfutar shagon buga takardu. Ya bar ta ta yi aiki na 'yan mintuna don tsohon man ya yi laushi, ya kashe, ya kwance notunan, sannan ya murɗa ƙarfen kaɗan hagu da dama kafin ya ɗaga. Yana da dalili: a kan madabod irin AM4, busasshen man kan fizgo firosesar daga gurbinta, ƙafafunta su lanƙwashe. Tsohon man ya fito fari-fari yana marmashewa. Ya jiƙa ɗan ƙyalle da sifirit, ya goge fuskokin biyu har suka yi ƙyalli, ya jira suka bushe. Sai ya ɗiga sabon man a tsakiya, bai kai ƙwayar wake ba, bai kuma baza shi da yatsa ba. Ya sauke ƙarfen a kai sau ɗaya, bai sake ɗagawa don ya leƙa ba, tunda ɗagawa na shigar da iska. Notuna huɗun nan bai ɗaure su bi da bi ba: ya juya na wannan kusurwa sau biyu, ya tsallaka na kishiyarta, ya dawo, har suka zauna tare, nauyi ya rabu daidai.

Mai shagon ya ce, "Malam, wannan ɗan abin da ka ɗiga zai isa kuwa? Ƙara mana, zan biya."

Ya ce, "Alhaji, ba rowa nake maka ba. Matsi ne zai baza shi. In na ƙara, gefe zai tsiyaye."

A irin wannan wuri ake samun ƙananan kurakurai masu babbar illa. Fankar da Intel ke haɗowa da firosesa tana da turaku huɗu na roba da ake dannawa cikin madabod. Ɗaya ya ƙi shiga, ƙarfen ya karkace, zafi ya hau. Sabon ƙarfen sanyaya kan zo da leda manne a gindinsa, kuma ana mantawa da ita fiye da yadda mutum zai zata. Masu shafa man goge baki a madadin na gaske kuwa, ruwan cikinsa ne ke aiki na ɗan lokaci, da ya bushe an koma gidan jiya.

Idan ƙarfen da kwamfutar ta zo da shi ya yi mata kaɗan, ana sa mai tsayi, wanda bututun jan ƙarfe suka ratsa fikafikansa. Bututun nan ba ƙarfe ba ne zalla. An zuƙe iskar cikinsu an bar ɗan ruwa kaɗan, wanda ke tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya tafi can ƙarshen da ke da sanyi, ya koma ruwa, ya biyo jikin bututun ya dawo, haka yake ta zagayawa ba famfo ba wuta. A ganina, a ƙasa mai ƙura da ɗauke wuta, wannan ya fi na'urar sanyaya mai ruwa da famfo: fanka in ta mutu ana gani, ana samun wata a kasuwa, amma famfo yakan tsaya shiru ba wanda ya sani. Sai dai ƙananan akwatunan ofis na Dell da HP ba su da wurin dogon ƙarfe, nasu sai tsafta da sabon mai.

Batun iskar akwati ba shi da wuya: ta shiga ta gaba, ta fita ta baya da sama. Fanka tana busawa ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe da injinta suke, kuma mai gyara kan kara ɗan yankin takarda don ya tabbata ba a juya ta ba. Ya ɗaure wayoyi su ba iska hanya. Ya fi so masu shigo da iska su ɗan rinjayi masu fitarwa, ta yadda za ta bi ta raga mai tacewa maimakon ta kowace tsaga. Ya kuma ce a ɗaga akwatin daga ƙasa, a fitar da shi daga cikin durowar tebur, kuma ƙyallen da ake rufa masa saboda ƙura a yaye shi kafin a kunna.

Matakin da ya fi burge ni shi ne rage zafin tun daga tushe. Wutar da firosesa ke ci tana tafiya ne da ƙarfin lantarkin da ake ba ta, a ninka shi da kansa. Rage kashi 10 cikin 100 na ƙarfin yakan rage kusan kashi 19 na wutar aiki, gudun kuma yana nan. Kamfanoni suna ba kowace firosesa fiye da buƙatarta don ko mafi rauni a cikinsu ta yi aiki, gwani kuma rarar nan yake nema. Ya shiga BIOS ya rage kaɗan, ya gwada na awanni. In ba ta tsaya ba, sai ya ƙara ragewa. Ranar da ta daskare ko ta nuna shuɗin allo, ya koma mataki ɗaya ko biyu baya ya tsaya nan. Babu lambar da za a kwafa daga wani, domin firosesa biyu masu suna ɗaya ba sa jure abu ɗaya. AMD ya sauƙaƙa abin da tsarin Eco Mode, wanda ke mayar da Ryzen 9 7950X daga ajin wat 170 zuwa 105 ko 65, kuma gudun da ake asara bai kai wutar da aka rage ba ko kusa. Ga mai aiki da sola da inbata, wannan riba biyu ce. Kwamfutocin ofis da aka kulle musu BIOS ma suna da ƙofa: a tsarin wuta na Windows, mayar da iyakar firosesa daga kashi 100 zuwa 99 yakan hana ta ƙarin gudun da ya fi kawo zafi.

Akwai waɗanda ke wuce nan. A 2012, da firosesocin Ivy Bridge, Intel ya daina liƙe silikon da murfinsa da narkakken ƙarfe, ya koma sa mai a tsakani, bai kuma dawo da tsohuwar hanyar ga manyan firosesocin tebur na gama-gari ba sai 2018 da Core i9-9900K. A tsakanin nan masu sha'awa suka riƙa ɓalle murfin, da reza tun farko, daga baya da wani ɗan matsi da Bajamushe Roman Hartung ya ƙera, su goge man kamfani su sa ruwan ƙarfe mai sinadarin galiyam. Sukan sami ragin digiri 10 zuwa 20. Akwai kwamfutocin tokumbo 'yan wancan zamanin a kasuwanninmu, kuma dabarar tana aiki a kansu. Amma ruwan ƙarfen yana wuce da lantarki, yana kuma cin alminiyam, reza kuma ta goce kaɗan firosesa ta tafi. Mai gyara na ƙwarai zai yi wannan a kan tasa, ba zai yi shi a kan na'urar da wani ke ciyar da iyali da ita ba.

Gwajin ƙarshe da murfin akwati a rufe ake yinsa, a inda kwamfutar za ta zauna, in da hali da tsakar rana. Idan ta yi rabin awa tana ɗauke da aiki mai nauyi, lambar ta tsaya a wajen 80, gudunta bai sauka ba, to aiki ya yi, ko da allon wani a intanet yana nuna 60. Mai gyaran sai ya rubuta lambar da kwanan wata a ɗan sitika ya manna cikin akwatin, ya ce wa mai ita ya dawo da ita a hure mata ƙura idan hunturu ya wuce, kafin zafin bazara ya kankama.