Wannan Yahuzan Bai Yi Kama da Ma'aji Ba

Wasan kwaikwayon da matasan wata coci a Bosso suka yi lokacin Ista ya tara jama'a, har da mu 'yan unguwa. Sun yi ƙoƙari, amma sun ɓata Yahuza Iskariyoti. Tun fitowarsa ido jajir, yana sanɗa kamar ɓarawon akuya, yara na yi masa ihu. To wa zai ba irin wannan ajiyar kuɗi? Alhali Yohanna 12 ta nuna shi ke riƙe da jakar almajirai. A Matiyu 26 kuwa, da Yesu ya ce ɗayansu zai bashe shi, ba wanda ya nuna Yahuza da yatsa, kowa kansa ya tuhuma. Mutanen Shiroro da Munya sun san wannan: infoman 'yan bindiga tare ake cin tuwo da shi.

Sai kuma mai ba da labarin ya rufe da cewa ƙaddara ce, ba laifinsa. Nan an yi tuya an manta da albasa. Luka 22:22 ta haɗa biyun: Allah ya riga ya tsara, duk da haka alhakin na wuyan maci amanar.

Baɗi a nemi yaron da ya fi kowa fara'a ya fito a Yahuza.