Jinjina ga Makanikan Apo

Duk mai neman a-kori-kura da za ta ja matacciyar mota daga Abuja zuwa Lokoja ko Kaduna, ya fara da makanikan Apo da ke Abuja kafin dillali. Su ba ruwansu da ƙyallin fenti. Makaniki zai kwanta ƙarƙashin Hilux, ya duba ko an taɓa yi wa shasi walda, ya leƙa lagireto, ya saurari giya, ya gwada birki, domin gangara da kaya a baya ita ke tona asirin mota. Injin dizal suka fi so, saboda ƙarfin ja. Akwai baragurbi cikinsu, amma nagarinsu sun ceci aljihu da rayuka. Mai saye, biya su ladan dubawa tukuna.