Ganyen Gwanda da Naman Tsohon Sa

Da yawa daga shanun da ke cika kasuwar Mubi sun sha doguwar tafiya, wasu tun daga Kamaru da Chadi, don haka namansu sai mai haƙori. Matar da ta iya girki a yankin ba ta ƙarar da itacenta a kansa. Ɗanyen ganyen gwanda za ta tsinko, ta murje shi har farin ruwansa ya fito, ta tsattsaga naman da wuƙa, ta naɗe shi a ciki ta ajiye. Gwanintar tana wajen sanin lokacin kwancewa. In ta yi gaggawa, tauri na nan. In ta yi sake, naman ya yi laɓo-laɓo, ga ɗaci. Da ɗan yatsa take taɓawa ta gane, kuma wannan hannun ya cancanci yabo.

Abin da ke aiki a ruwan nan sunansa fafen, sinadari mai yanka furotin. Shi furotin jerin ƙwayoyin amino asid ne, kamar carbi. A 1967 Israel Schechter da Arieh Berger na Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka riƙa ba fafen jeri mai tsawo daban-daban, suka gano ƙwaya bakwai yake damƙa kafin ya yanka: huɗu ta nan, uku ta can. Gajeren jeri ba ya samun kyakkyawan riƙo, sai yankan ya yi sanyi.

Haka jikinmu yake, shi ma yana da nasa masu yanka furotin. Fefsin na ciki dogon jeri yake so. Tirifsin ya karɓa a ƙaramin hanji, sannan masu ɗebe ƙwaya daga baki-baki su ƙarasa, har a koma ɗaya, biyu ko uku, iyakar abin da bangon hanji ya saba shigarwa ke nan.

Wanda ya fi burge ni shi ne ERAP1, da ke cikin ƙwayoyin halittarmu. Yana datse guntun furotin da sauri muddin yana da tsawo, amma da ya kai ƙwaya 8 ko 9 sai ya sassauta ya sake shi. Daidai wannan tsawon ake ɗorawa a bayan ƙwayar halitta, sojojin garkuwar jiki su duba ko cuta ta shiga.