Martin Ya Hana Ni Barci: Littattafai Biyar da Musun da Ya Ƙi Ƙarewa

Da ƙarfe biyu na dare na rufe littafi na biyar, na zauna a bakin gado ina kallon bango kamar wanda aka yi wa sata. Jon Snow na kwance cikin dusar ƙanƙara, mutanensa na kansa sun caccake shi da wuƙaƙe, kuma marubucin ya tafi abinsa ya bar ni a nan. Littafin nan, A Dance with Dragons, ya fito tun 2011, kuma har yau Jon bai tashi daga inda ya faɗi ba. Duk da haka idan ka ce in nuna maka labarin da ya fi kowane cika mini ciki, ba sai na yi tunani ba: jerin A Song of Ice and Fire na George R. R. Martin, Ba'amurken nan da aka haifa a 1948.

Gargaɗi tun da wuri: zan fasa ƙwai da yawa a nan, wanda bai karanta ba ya san inda dare ya yi masa. Kuma ba littafin yara ba ne, akwai zubar da jini da batsa a ciki, kada a ce ban faɗa ba.

Na farko, A Game of Thrones, ya fito a 1996, sai A Clash of Kings a 1998, A Storm of Swords a 2000, A Feast for Crows a 2005, sannan na biyar ɗin da ya hana ni barci. Saura biyu aka yi mana alkawari. Labarin rikicin gadon sarauta ne a nahiyar Westeros, inda manyan gidaje ke cin dunduniyar juna, ga wata katangar ƙanƙara mai tsawon ƙafa 700 a can arewa tana tare wani bala'i da kowa ya manta da shi, ga wata yarinya a ƙetaren teku da 'ya'yan dodanni uku masu aman wuta. To amma ba dodannin ne suka kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda Martin ba ya taɓa ba ka labari da bakinsa. Kowane babi ta idon mutum ɗaya kake gani, kuma mutumin nan yana mantuwa, yana son zuciya, wani lokaci kansa ma yake yi wa ƙarya. Gaskiyar kuwa a warwatse take, ɗan guntu a mafarkin wannan, ɗan guntu a bakin wani mashayi bayan shafi dubu. Sai ka wayi gari ka zama mai bin sawu. Daga nan musu ya samo asali, kuma musun nan, wallahi, rabin daɗin littafin ne.

Uwar dukan musu ita ce: wace ce ta haifi Jon Snow? A zahiri ɗan gaba da fatiha ne na Eddard Stark, wato Ned, wanda ya dawo da shi daga yaƙi yana jariri. To, ga inda gizo ke saƙa. Ned mutum ne da mutunci ya yi masa katutu har ya zama ajalinsa. Irin wannan ne zai ci amanar amaryarsa? Martin ya jefa mana sunaye don mu ɓata: Ned ya ambaci wata Wylla ga sarki Robert, matarsa Catelyn ta ji raɗe-raɗin Ashara Dayne, a littafi na biyar kuma wani basarake ya ce 'yar masunci ce. Masu karatu suka ce a kai kasuwa. Suka koma kan mafarkin da Ned ya yi lokacin da zazzaɓin karayar ƙafa ke cinsa: wata hasumiya a ƙasar Dorne, shi da mutum shida suna fuskantar dogaran sarki uku, Arthur Dayne da Gerold Hightower da Oswell Whent. A ciki ƙanwarsa Lyanna ce kwance cikin jini, tana roƙonsa wani alkawari da littafin bai taɓa faɗa mana ko mene ne ba.

Tambayar da ta tayar mini da tsigar jiki ita ce wannan. An kashe sarki Aerys, an kashe yarima Rhaegar, magajin da ya rage, Viserys, yana can wani tsibiri. Me ya tsayar da manyan dogaran sarki uku a ƙofar wata hasumiya a tsakiyar duwatsu, in ba jinin sarauta suke gadi ba? Ka haɗa da furen nan shuɗi da Rhaegar ya ɗora wa Lyanna a gasar Harrenhal, ya tsallake matarsa Elia a gaban jama'a. Ka haɗa da wahayin da Daenerys, yarinyar nan mai dodanni, ta gani a littafi na biyu, na shuɗin fure yana tsirowa daga tsagar katangar ƙanƙara, daidai inda Jon yake. Sannan ga ɗan abin da sai a karatu na uku na lura da shi: lokacin da Ned ke lissafa 'ya'yansa a zuci, a gaban Cersei matar sarki Robert, biyar ya ƙirga. Babu Jon. Kai! A nan na ajiye littafin na yi tafi ni kaɗai. Mutumin nan ya yarda a kira shi mazinaci shekara 14, ya bar matarsa da ciwon rai, don ya san Robert ba ya barin jinin Targaryen, wato gidan su Aerys da Rhaegar, a raye. Masoya suka taƙaita hasashen da haruffa uku, R da L sun haifi J, wato Rhaegar da Lyanna sun haifi Jon. Har aka ce da David Benioff da D. B. Weiss suka zo neman izinin mayar da littafin fim, wannan tambayar Martin ya gwada su da ita, suka ci. Shirin HBO ya tabbatar da zancen a 2016, amma mu 'yan littafi muna nan kan bakanmu: sai mun gani a takarda.

Wanda na fi so kuwa ba wannan ba ne. Nawa shi ne na Wyman Manderly, basaraken nan mai tumbi da ake yi wa ba'a wai ƙiba ta hana shi hawa doki. An kashe ɗansa Wendel a bikin nan na jini da gidan Frey suka shirya, inda suka yanka baƙinsu bayan sun ci gurasa da gishirinsu. Mu da muka taso da cewa baƙonka annabinka, ba sai an yi mana bayanin girman wannan laifi ba. (Martin ya ce tarihin Sikotland ya ɗauko, musamman wata liyafa ta 1440 da kisan Glencoe na 1692.) Manderly ya haɗiye, ya karɓi 'yan Frey uku a gidansa, ya yi ta yi musu dariya har aka sako masa ɗansa da ya rage. Ranar tafiyarsu ya ba kowannensu kyautar doki, wadda a al'adarsu ita ce alamar baƙunci ya ƙare. Daga nan ba a sake ganinsu ba. Sai ga shi a bikin Ramsay Bolton da manya-manyan burodi uku cushe da nama, kowanne faɗinsa kamar ƙafar amalanke. Ya yanka wa 'yan Bolton da 'yan Frey da hannunsa, shi kansa ya cinye yanka shida, ya bugu, yana ta kiran a rera masa waƙar wani kuku da ya taɓa dafa ɗan sarki ya ba uban ya ci. Labarin kukun nan tun a littafi na uku muka ji shi daga Bran, shekara 11 kafin nan. Babu inda Martin ya ce ga abin da ke cikin burodin. Ya dai jera maka uku da uku, ya koma gefe. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ban taɓa ganin an rubuta ta da irin wannan sanyin hannu ba.

Inda muke raba gari da ƙanwata, wadda ni na ba ta aron littattafan kuma yanzu take neman fi na sani, shi ne kan yaron nan mai shuɗin gashi da Tyrion ya gano a cikin jirgin ruwa. Wai shi ne Aegon ɗan Rhaegar, wanda duniya ta san an fasa kansa yana jariri, ashe musanya shi aka yi. Ita ta yarda.

“Yaya, Varys ya faɗa wa Kevan Lannister haka bayan ya harbe shi,” in ji ta. “Wa ke yi wa mai mutuwa ƙarya?”

Na ce mata ai Varys ko inuwarsa ba ta san gaskiyarsa ba, kuma ba su kaɗai ne a ɗakin ba. Ni a wajena yaron jabu ne, jinin Blackfyre ne, wato zuriyar shegen sarki da suka sha tayar da ƙayar baya suna neman gadon. Dubi wa ke mara masa baya: rundunar sojan haya ta Golden Company, mutum dubu 10, wadda 'yan gudun hijirar Blackfyre suka kafa, wadda ba ta taɓa karya yarjejeniya ba sai saboda shi. Tutar Targaryen jan dodo ne a kan baƙi, ta Blackfyre baƙin dodo a kan ja. Yanzu saurari wannan. A littafi na huɗu, wanda mutane ke ƙorafin yana jan ƙafa, wani malamin addini mai yawo yana ba Brienne tarihin wani masauƙi, ya ce da alamar ƙofarsa baƙin dodo ce ta ƙarfe, aka sassare ta aka watsa a kogi, bayan shekaru sai kai ɗaya ya fito a gaɓar wani tsibiri, tsatsa ta mai da shi ja. Baƙin dodo ya dawo da jan launi! A cikin hirar hanya, a babin da ba ruwansa da Aegon, shekara 6 kafin a nuna mana yaron. Ƙanwata ta ce tsautsayi ne. Na ce a gidan Martin tsautsayi ba ya kwana.

A wancan tsibirin dai da kan dodon ya fito akwai wani ƙaton mai haƙa kabari, yana ɗingishi, fuskarsa a rufe, ya tsaya yana shafa kan kare, ga kuma mugun dokin Sandor Clegane ɗaure a barga. An ce mana Sandor ya huta. To, mun ji. Haka ɗalibin nan Alleras na birnin Oldtown, karanta sunan daga baya ka sami Sarella, 'yar Oberyn Martell. Waɗannan ko musu ba na yi a kansu.

Akwai kuma wanda nake ƙi har cikin raina: wai Tyrion ba ɗan Tywin Lannister ba ne, ɗan mahaukacin sarki Aerys ne. Masu wannan ra'ayi suna da abin kamawa, ban hana su ba. Aerys ya yi sha'awar Joanna, uwar Tyrion. Gashin Tyrion ya fi na 'yan'uwansa fari, idonsa ɗaya kore ɗaya baƙi, tun yana yaro yake mafarkin dodanni. Amma idan hakan ta tabbata, an zubar da mafi zafin abin da ke littafin. Duk ciwon labarin Tywin shi ne cewa wadan da ya tsana, wanda yake jin kunyarsa, shi ne kaɗai ya gado kaifin ƙwaƙwalwarsa, kamar yadda ƙanwar Tywin ɗin, Genna, ta gaya wa ɗansa Jaime. Idan ka ba Tywin hujjar cewa ba ɗansa ba ne, ka wanke shi ke nan, ni kuwa ba na son a wanke shi. Ban da haka, Targaryen ɗin ɓoye nawa labari ɗaya zai ɗauka?

A gaskiya jiran nan ya sa wasunmu sun fara zarce gona da iri. Akwai masu cewa malamin takobin Arya, Syrio Forel, shi ne Jaqen mai sauya fuska. Akwai masu rantsuwa cewa kunun da aka ba Bran a kogo da jinin abokinsa Jojen aka dama. Wanda ya yi shekara goma da ɗoriya yana lasar kwano ɗaya, dole ya fara jin ɗanɗanon da ba a zuba ba. Martin kansa ya ce shi manomi ne, ba magini mai zanen gida ba: yana shuka ne ya ga abin da zai tsiro. Shi ya sa gonar ta yi yabanya har ta fi ƙarfin mai ita. Amma ya kuma ce ba zai sauya ƙarshen labari don wani ya canka ba, tunda ya riga ya binne alamun. Wannan magana ita ke riƙe da ni. Ma'anarta sawun da muke bi na gaske ne, akwai dabba a ƙarshensa.

Dubi duban da bokanya Maggy ta yi wa Cersei tana yarinya, cewa wani valonqar, wato ƙane, zai shaƙe ta. Ta ƙare rayuwarta tana tsoron Tyrion, ta manta cewa tagwaininta Jaime bayanta ya fito, riƙe da ƙafarta. Shirin talabijin, da ya ƙare a 2019 bayan kashi 73, bai ko ambaci wannan ɓangaren duban ba, ya rufta musu gini a ka. Ban yafe ba tukuna.

Sai wasiƙar da ta jawo wa Jon wuƙaƙe. Ta iso da ɗigon kaki ruwan hoda, da sunan Ramsay, tana cewa an kashe Stannis, ƙanen Robert mai neman gadon, bayan kwana bakwai ana gwabzawa. Amma Ramsay ya saba haɗa wasiƙunsa da guntun fatar mutum, wannan babu. Babu sa hannun sauran sarakunan arewa. Kuma kalmar da aka kira masu gadin katanga da ita, hankaki, ta fi kama da bakin mutanen bayan katanga. Shi ya sa wasu suka ce sarkinsu Mance Rayder ne ya rubuta, wasu suka ce Stannis ne da kansa yake neman jawo Jon, ƙanwata kuwa ta ce Ramsay ne kawai, mu daina wahalar da kanmu. Ni Mance nake zargi, a wannan makon dai. Jiya da dare na sake ɗauko littafi na biyar da biro a hannu, na koma babin Theon na farko a Winterfell, ina ja wa duk maganar da ta fito daga bakin mawaƙin nan Abel, wato Mance a ɓad da kama, layi.